Satar Murya a Shagon Injiniya

Sufeto ya zare takalminsa a ƙarƙashin tebur ke nan don ƙafarsa ta sha iska, sai Kofur ya leƙo.

"Yallaɓai, ga wani can a kanta yana ta ɗaga murya. Wai an sace masa murya."

"An sace ta kuma yana ɗaga ta?"

"Haka na ce masa. Bai yi dariya ba."

Mai ƙarar matashi ne, baƙin gilashi a goshi, mukullin mota a yatsa. Ya ce shi furodusa ne, yana da situdiyo. Mahaifinsa ya yi tashe da ƙungiyar kiɗa a zamaninsa, da ya rasu ya bar masa wani tsohon piyano. Ya kai shi gyara, an gama, yau za a ɗauki sautinsa. Da suka buɗe bayan piyanon da safe, sai suka tarar an yashe cikinsa.

"Mai gyaran ne ya sace," in ji Furodusa. "Ku je ku kama shi kawai."

"Nan ba a yi mana odar ɓarawo," in ji Sufeto, yana mayar da takalmi. "Mu je in gani."

Shagon mai gyaran ɗan tsukuku ne, maƙale da na wata mai ɗinki. Warin darma da na tsohon katako ne suka fara tarbar su. Rediyoyi da lasifikoki jibge har rufi, wayoyi rataye a ƙusa kamar igiyar shanya. A tsakiya ga piyanon, farin akwati mai nauyi, an cire murfin bayansa an jingine.

Mai gyaran dogo ne mai furfura, kowa a layin Injiniya yake ce masa. Bai tashi daga kujerarsa ba.

"Yi min bayani kamar ban san komai ba," in ji Sufeto. "Don ban sani ba ɗin."

Injiniya ya nuna cikin akwatin da sukuddireba. "Wannan ba irin na yanzu ba ne. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset, tsawonsa ya kai tsayin mutum. Ka danna, zaren ya gudu, ka ji abin da aka naɗa a kai. Mutum ne ya tsaya gaban makirufo ya ja sauti ɗaya aka ɗauka, ya ja na sama da shi aka ɗauka, har maɓallan suka cika. Kafin ka ja numfashi biyu zaren ya ƙare, sifirin ya dawo da shi."

"Kai me ka yi masa?"

"Me ban yi masa ba? An kawo min shi ɓeraye sun yi unguwa a ciki. Bel ɗin da ke juya injin ya narke, robobi sun ƙeƙashe, zaren duk ya yi funfuna. Ɗaya bayan ɗaya na goge su da auduga, ina riƙe numfashi."

Sufeto ya juya ga Furodusa. "Kai kuma me za ka yi da shi?"

"Za mu danna kowane maɓalli mu kwafe sautin a kwamfuta. Daga nan duk makaɗin da ya saya, ko a ina yake a duniya, zai sa muryar nan a waƙarsa. Na riga na ƙulla magana da wani kamfani a waje."

"Kun kwafi wani abu?"

"Ko ɗaya! Ya hana ni taɓawa, wai sai ya gama saiti. Ashe shiri yake yi."

"Yaro, iya bakinka," in ji Injiniya. "Tun kana rarrafe nake gyara wa ubanka kaya."

Sufeto ya tsuguna, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya haska cikin akwatin da tocila. Ba a fizge komai ba. An kwance ƙananan sukurori an jera su cikin murfin kwalba, ba wanda ya faɗi ƙasa. Zaren duk an ɗebe, sai guda shida a can ƙarshen hagu. A kan benci ga makirufo biyu masu tsada da kwamfutar da Furodusa ya ajiye tun shekaranjiya, ba wanda ya taɓa su.

Ya duba kwaɗon ƙofa. Lafiya lau.

"Wa ke da mukulli?"

"Ni kaɗai."

"Yaushe ka ga zaren na ƙarshe?"

"Jiya da yamma da zan rufe. Komai yana nan."

"Wani ya shigo jiya?"

"Babu."

Sufeto ya lura duk amsoshin nan bango Injiniya yake kallo yana ba su, ba shi ba.

Mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ba ta jira an tambaye ta ba. Tun da motar 'yan sanda ta tsaya take ɗinke hannun riga ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ni watannin nan na sha wahala. Mutumin nan sai ya danna abu ɗaya, aaa, ya sake dannawa, aaa, har kaina ya yi ciwo. Amma jiya da rana waƙa na ji. Waƙa sosai, muryar mace, ba kalma ko ɗaya. Sai da na tsayar da keke. Wallahi tsigar jikina ta tashi."

"Injiniya ne ya buga?"

"Ina! Shi da ya fita tun kafin a fara? Ta gabana ya wuce, ya je ya zauna a bakin titi kamar wanda aka kora daga shagonsa."

"To wa ke ciki?"

"Wata dattijuwa. Ta taɓa zuwa sau ɗaya ko biyu. Doguwa, da ƙyalle naɗe a wuya, duk zafin nan. Na gaishe ta, hannu kawai ta ɗaga min. Na ce a raina wannan akwai jin kai."

"Ta riƙo wani abu?"

"Ta shiga da jakar cefane a ninke. Ta fito da ita a kumbure."

Sufeto ya koma shagon, ya jawo kujera ya zauna gab da Injiniya.

"Ka ce ba wanda ya shigo."

"Na ce."

"Wace ce mai ƙyalle a wuya?"

Injiniya ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Na san ta. Ba zan faɗa ba."

"Ka san inda wannan amsar za ta kai ka?"

"Bayan kanta. Na taɓa gyara muku fanka a can, na san wurin. Mu je."

"Ka gani ko!" Furodusa ya buga tsalle. "Da ita suka haɗa baki!" Amma Sufeto ya ga yadda fuskarsa ta sauya da aka ambaci ƙyallen, ya kuma ga bai tambayi ko wace ce ba.

Kafin a rufe shagon, Kofur, wanda tun ɗazu hannunsa ke masa ƙaiƙayi, ya kunna piyanon. Injin ya yi gurnani ya daidaita. Ya danna maɓallan dama, shiru. Ya danna na ƙarshen hagu.

Wata murya ta cika shagon, ta namiji, mai kauri, kamar daga cikin rijiya. Kofur ya janye hannu da sauri yana salati.

"Ba muryar mace aka ce min ba?" in ji Sufeto.

"Wannan babana ne," in ji Furodusa. "Sautin ƙasa-ƙasan ita ba ta iya kaiwa ba, shi ya cike."

"Ita wa?"

"Wata 'yar amshi ce. Ta rasu tuntuni, ba wanda ya ma riƙe sunanta. Abin da ya burge kamfanin ke nan, muryar da aka manta da mai ita."

Sufeto ya sa Kofur ya danna sauran biyar ɗin. Duk namiji ne.

A mota Kofur ya ce, "Yallaɓai, ni na ɗauka lokaci ne ya ƙure wa ɓarauniyar, shi ya sa ta bar shida."

"Wadda ta tsaya jera sukurori a murfin kwalba ba ta cikin sauri. Ta ɗauki na macen tas, ta bar wa yaron ubansa."

Injiniya yana kujerar baya, ya kafe idonsa a taga.

A ofis an yi juyin duniya ya rubuta bayani, ya ƙi. Ya ce a kawo masa rediyon kanta da ke shaƙewa ya duba, zama haka kawai ba ya yi masa.

Washegari da hantsi Sufeto ya nufi gidan Furodusa ba tare da ya sanar ba. Maigidan ya fita. Matarsa ce ta buɗe, da jaririya a kafaɗa.

A barandar shiga akwai wata ƙatuwar lasifika ta zamanin da, an farke bayanta, wayoyi sun zubo.

"Ku yi haƙuri da wannan," in ji matar. "Ta marigayi Baba ce. Rannan muka tashi muka ga an ɓalle ta an cire mata wani ƙarfe. Na zane yaran nan, sun rantse ba su ba ne."

A falo akwai babban hoto na ƙungiyar kiɗan. Marigayin a tsakiya, zaune a gaban farin piyanon nan. A can gefe, rabin kafaɗarta ma firam ya cinye, wata doguwar budurwa tana riƙe da makirufo.

"Wannan fa?"

"Ai Gwaggo ce, ƙanwar Baba. A da ita ke yi musu waƙa."

"Allah ya ji ƙanta."

Matar ta zaro ido. "Subhanallahi! Gwaggo tana nan da ranta a ɗakin baya. Ita ke min renon yarinyar nan."

"Mijinki ya ce mai muryar ta rasu."

Matar ta sauya wa jaririyar kafaɗa. Ta ce, "Aiki aka yi mata a maƙogwaro, shekaru da yawa. Tun lokacin sai raɗa take yi. Sauran maganar ku tambaye shi."

Ɗakin baya ƙarami ne, kusa da wurin wanki, amma tsaf. Dattijuwar tana zaune a bakin gado, ta yi shirin fita, takalmi a ƙafa, ƙyalle a wuya. Jakar cefane tana gefenta. A kan ɗan tebur akwai wani baƙin zoben ƙarfe mai faɗin faranti, allura da fil-fil da mukulli sun manne a jikinsa.

Ta yi magana, Sufeto bai ji ba. Sai da ya sunkuyo.

"Kun daɗe," ta ce. Muryar kamar ana jan takarda a kan siminti.

"Mama, kin san abin da ya kawo mu?"

Ta tura masa jakar. Ya buɗe. Zaren kaset ne, kowanne an naɗe shi da kyau an ɗaure da zaren ɗinki.

"Ina mai gyaran?"

"Yana wurinmu tun jiya. Ya ƙi faɗin sunanki."

Ta miƙe tsaye nan take. Ta fi Sufeto tsawo. "Ba a gaya min ba. Ku sake shi. Bai san zan ɗauka ba. Roƙonsa na yi ya bar ni ni kaɗai in saurara, ya yi min kara ya fita."

Ana haka sai ga Furodusa a guje, matarsa ta kira shi a waya. Bai kalli gwaggonsa ba. Jakar ya wawura, ya leƙa, ya saki ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi! Duk suna nan. Yallaɓai, na gode, shi ke nan."

"Ajiye," in ji Sufeto. "Kayan shaida ne. Sai an mayar da su an tabbatar su ne." Ya ɗauki baƙin ƙarfen ya miƙa wa Kofur. "Wannan ma. Kada ka haɗa shi da jakar, kada kuma ka kai shi kusa da wayarka."

Aka ɗauko Injiniya daga ofis, aka hallara a shagon. Mai ɗinki ta tsaya a bakin ƙofa da almakashi a hannu, ba ta ko yi kamar wucewa take ba.

Injiniya ya warware zare ɗaya, ya zura shi a mazauninsa, ya ɗaure sukurori. Ya kunna, ya danna.

Sai shuuu, kamar iska a ƙarƙashin ƙofa.

Ya sa na biyu. Shuuu. Na uku ma haka.

"Ka lalata saitin!" in ji Furodusa.

Injiniya ya danna na hagu, muryar marigayin ta fito garau. Ya kalli ƙarfen da ke hannun Kofur, ya kalli Gwaggo, ya zauna a hankali.

"Maganaɗisun lasifika ne," ya ce. "In aka goga shi a zaren kaset, ba abin da ke saura. Ba mai dawo da shi a duniya."

Furodusa ya dafe kai. "Gwaggo! Kin san abin da kika yi? Kin kashe ni!"

Ta ɗaga hannu. Shagon ya yi tsit, don duk mai son ji dole ya yi shiru.

"Ni ka kashe," ta ce. "Da kunnena na ji ka ta bayan bango, kana gaya wa baƙi a waya wai na mutu, wai ba ni da suna. A lokacin 'yarka tana goye a bayana."

"Talla ce kawai, Gwaggo, ba..."

"Yi min shiru. Ba ni da muryar da zan yi gasa da kai."

Ta juya ga Sufeto. "Rubuta, ɗana. Ina budurwa yayana ya tsayar da ni gaban makirufo, tun safe har maƙogwarona ya yi zafi. Ya ce gwaji ne. Da piyanon ya iso, sai ya daina ɗaukata wasa. Me zai yi da ni? Ga ni a akwati, ba na gajiya, ba na musu. Yana danna ni da yatsa a kan dandamali, mutane suna tafi, ni ina gida ina wanke masa riguna. Na haƙura, ɗan'uwana ne. Aka yanke min maƙogwaro, na haƙura, wannan daga Allah ne."

Ta tsaya ta haɗiye yawu da ƙyar. Mai ɗinki ta miƙo ruwa, ta ƙi karɓa.

"Da na ji yaron nan zai raba ni ga duk wanda ya ga dama, na kira shi na ce ban yarda ba. Ya ce piyano gadonsa ne. Na ce to ni ma a cikin gadon aka ba ka ni? Ya yi dariya, ya ce in je in huta."

"Me ya sa ba ki ɓoye su kawai ba?" in ji Sufeto.

"In na ɓoye za ku samo. Ga shi kun samo."

"Wa ya koya miki kwance su?"

"Wa yake sauya wa yayana zare in ya dawo da shi a tsinke? Ni ce. Na ubansa kuwa ban taɓa ba, ga su nan. Ya sayar da ubansa in yana so."

Sufeto ya rufe biro. "Mama, kin san ke ma ba za ki ƙara jin muryar nan ba?"

Karo na farko idonta ya sauka ƙasa, amma bai daɗe a can ba.

"Na ji ta. Na zauna a nan ni kaɗai na buga waƙar da nake so da yatsuna, ba wanda ya ce min ɗaga ko sauke. Yarinyar ta iya waƙa." Ta gyara ƙyallen wuyanta. "Ya ishe ni."

Ta matsa gaban Injiniya. "Kai kaɗai na zalunta. Aikinka na watanni, ga kwanan ofis."

"Piyano aka ba ni in gyara, Hajiya, kuma ga shi yana aiki," in ji shi. "Kwana kuwa, na gyara musu rediyo."

Furodusa ya ja Sufeto gefe. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. "Yallaɓai, a bar maganar nan. Ta gida ce. In ta je kotu kamfanin zai ji, 'yan jarida za su ji..."

"Za su ji mamaciya ta yi sata," in ji Kofur.

Gwaggo ta bubbuga benci da tafin hannu har sukurorin suka yi tsalle a murfinsu. Kowa ya waiwayo.

"Ba za a bari ba," ta ce. "Kai ka kai ƙara, ba ni ba. Na ɗauka, na goge, na amsa a gaban shaidu. A kai ni gaban alƙali. A can dole a kira sunana da ƙarfi, a tambaye ka muryar wa ce, ka faɗa da bakinka."

"Gwaggo, don Allah, ki rufa min asiri."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta miƙa wa Sufeto hannuwanta biyu a haɗe.

Sufeto ya kalli hannuwan, ya kalli ankwar da ke ƙugun Kofur, ya girgiza kai. "Ƙara dai an riga an rubuta, ba ni da ikon yaga ta. Amma wannan ba sai an sa ba, Mama. Bismillah, mu je." Ya waiwayi Furodusa. "Kai ma biyo mu. Bayanin da ka ba ni jiya akwai gyara a ciki."

Ta fita gaba, suna biye. Mutanen layin sun fito sun yi cirko-cirko, ba ta sunkuyar da kai ba. Da ta zo daidai mai ɗinki, ta tsaya, ta kama hannunta, ta raɗa mata amsar gaisuwar da ta daɗe da yi mata.

Kofur ya ruga ya buɗe mata ƙofar baya. Gwaggo ta wuce shi, ta buɗe ta gaba da kanta, ta zauna a kujerar Sufeto, ta ja ƙofar ta rufe.

Kofur ya kalli maigidansa. Sufeto ya ɗaga kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwarsa mai ciwo ya shiga baya.

Ta buga gaban motar sau biyu da yatsa. Kofur ya tayar da motar.